Muryar Hassana

Ranar Laraba wayar Husaina ta suɓuce ta faɗa cikin bahon wanki. Ta tsamo ta da sauri, ta goge da bakin zani, ta cusa cikin buhun shinkafa kamar yadda maƙwabciyarta ta ce. Har washegari ba ta kawo wuta ba.

Ba wayar ce ta dame ta ba. Hassana, 'yar'uwarta da aka haife su tagwaye, ta rasu wata goma sha ɗaya da suka wuce, kuma duk saƙonnin muryar da ta taɓa turo mata suna ciki. Kullum bayan asuba, kafin ta tafi makarantar da take koyarwa a Gwammaja, sai ta kunna ɗaya. Yawanci ba wata magana ba ce: tsadar manja, ɗinkin da tela ya ɓata, sai dariya.

Mai gyara ya buɗe wayar ya girgiza kai.

"Malama, ruwa ya shiga sosai. Sai an kawo min madadin abin da ya ƙone daga Legas. Ki ba ni sati biyu."

"Abin da ke ciki fa?"

"Sai dai addu'a."

Mijinta ya ba ta tsohuwar ƙaramar wayarsa mai tocila. Kira yana shiga, shi ke nan. Da asuba takan lalubi ƙarƙashin filo, sannan ta tuna. A kwana na biyar ta zauna kan darduma tana ƙoƙarin jiyo yadda Hassana ke kiran sunanta. Kalmomin suka zo, muryar ta ƙi zuwa. A ranar nan shayi kawai ta iya sha.

Ranar Asabar ta kasa zaman gida, ta tafi wajen mahaifiyarsu a Ƙofar Mata. A zaure ta tarar da Malam Ɗayyabu, mijin marigayiyar, ya kawo yara gaisuwa. Bayan sun gaisa ya ce ya ga ta rame. Ba ta yi niyyar faɗa masa zancen wayar da saƙonnin ba, amma ta faɗa.



"Ni ma akwai saƙonninta a tawa," ya ce. "Tun ranar jana'iza ban iya buɗe ko ɗaya ba."

Ba ta roƙe shi ba. Maganar miji da mata ce, ina ita ina saurare?

Sati biyu ya zama uku. Da ta karɓo wayar, tana aiki tas, amma babu komai a ciki, kamar yau aka ciro ta daga kwali. Mai gyara ya yi ta ba ta haƙuri. Ta yi masa godiya, ta hau adaidaita, ta ja mayafi ta rufe fuskarta har gida.

Da la'asar ta sa layinta. Saƙo na farko da ya shigo daga Malam Ɗayyabu ne, ya turo shi tun kwana tara da suka wuce. Ya rubuta: "Na daure na saurare su duka. Wannan da sunanki a ciki."

Ta shiga ɗaki ta tura ƙofa, ta danna.

"Malam, in za ka dawo ka taho da tattasai. Kuma ka biya wajen Husaina ka ce ta ba ni mayafina shuɗi, na san halinta, so take ta riƙe."

Daƙiƙa goma sha huɗu ne. Ta sake kunnawa sau uku, sannan ta tashi ta ɗora girkin dare.