Agogon Kuramochi da Ba Ya Son Zaman Gida

Shekarar da Kuramochi ya bar aikin gidan waya, agogunansa sun kai tamanin da ɗaya. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da shagona na awara, a garinmu na gindin duwatsun Nagano, kuma ƙungiyarmu ɗaya ta masu tara tsofaffin agoguna, mu tara, duk furfura. Matarsa Fumie ba ta taɓa ƙorafi ba, ko da ya kwashe kwanukanta daga kan kantar ɗaki ya jera agoguna a wurin.

Na tamanin da biyu shi ya kawo magana. Ɗan agogon tafiya ne na tagulla, gilashi ta kowane gefe, da mariƙi a ka, ƙirar Faransa. A kasuwar tsofaffin kaya ta harabar haikali ya samo shi. Tun daga kasuwar har gida yana aiki. Kwana ɗaya a kan kanta, ya tsaya cik.

Kuramochi ya naɗe shi a ɗankwali, ya hau jirgin ƙasa zuwa wurin mai gyara. Kafin tasha ta biyu sai ya ji tik-tik a cinyarsa. Mai gyara ya duba ya ce lafiyarsa ƙalau. Ya dawo da shi gida, ya shiga wanka, ya fito, agogo ya mutu. Sau huɗu ana haka.

"Mai awara, na gano shi," in ji Kuramochi da safe, yana tsaye a ƙofar shagona. "Agogon tafiya ne. Zaman gida ne ba ya so."

"Haba dattijo, ƙarfe ne fa."

"Kai da ba ka san komai ba sai wake, me ka sani game da zuciyar agogo?"

Daga ranar, kullum da hantsi Fumie za ta ɗaura masa shinkafa da busasshen kifi, ta goge agogon da hannunta, ta miƙa masa. Ya hau ƙaramin jirgin da ke zuwa ƙarshen kwari ya dawo, sau uku a yini. Agogo a kujerar taga, shi a ta gefe. Mai duba tikiti har gaishe da agogon yake yi. Wata biyar ana wannan.

Da baje kolin ƙungiyarmu na lokacin kaka ya matso, Kuramochi ya ce zai saka shi, da rubutu a ƙasa: agogon da ba ya aiki sai a hanya. Shugabanmu Ogiwara, tsohon malamin lissafi ne, ya ce ƙungiya ba ta sa hannu a jita-jita. Sai mun gani da ido. Mu tara muka bi jirgin yini guda, mun zagaye agogon kamar masu jinya, bai yi fashin daƙiƙa ba. Ogiwara ya ce saura rabin shaida: gobe a gida.

Washegari da rana muka baje a tabarmar ɗakin baƙi. Kuramochi ya kai agogon tasha ya dawo, ya ɗora a tebur. Ogiwara ya kafa doka: ba mai taɓawa, ba mai ƙifta ido. Fumie ta shigo sau biyu da tsumma a hannu.

"Bari in ɗan share masa ƙura."

"Uwargida, yi haƙuri, yau ƙura ma shaida ce," in ji Ogiwara.

Minti ashirin, minti arba'in, agogo na ta aikinsa. Kuramochi ya fara gumi, yana yi masa raɗa: "Kai, kada ka ba ni kunya gaban mutane, tsaya mana."

Ƙarfe uku daidai Fumie ta turo ƙofa da tiren shayi. Agogo ya buga, siririyar murya, tin, tin, tin. Sai tire ya suɓuce. Ta zube a gwiwa, goshi a tabarma, ta ce da ƙarfi, "Na'am Inna, ga ni nan!"

Shayi ya bi tabarma. Mahaifiyar Kuramochi ta shekara ashirin da rasuwa.

Fumie ta ɗago, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta zaro tsinken sakace daga ɗamararta ta ajiye a tebur.

"Ga ciwon agogonku. Ni nake cusa masa. Shekara goma sha ɗaya mahaifiyarka na kwance tana kaɗa mini ƙararrawa, ruwa, baho, ƙaiƙayin baya. Muryar nan ce sak. Ranar da ka kawo shi, sau bakwai na ruga ɗakinta."

"To me ya sa kike cirewa in zan fita?"

"Maigida, tun da ka bar aiki kake bina har madafa kana gaya mini minti nawa miya ta yi a wuta. Wata biyar ɗin nan na koyi iyo."

Wani a cikinmu ya yi tari don ya ɓoye dariya. Kuramochi bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon matarsa, kunnuwansa ja wur. Sannan ya ce a miƙo masa sukundireba. Ogiwara ya riƙe masa hannu.

"Ka yi hauka? Shekara ɗari da talatin ba a taɓa ƙararrawar nan ba!"

"Sakar mini hannu, malam. Matata ce ko taka?"

Ya kwance ƙararrawar, ya ɗora a tafin hannu biyu, ya sunkuya ya miƙa wa Fumie. Ta karɓa ta jefa a aljihu, ta tafi ɗauko tsumma.

Ogiwara ya hana agogon shiga baje koli, wai ya zama nakasasshe. Muka kaɗa ƙuri'a, biyar da huɗu, aka bar shi a teburin bakin ƙofa kusa da wurin ajiye lema. Kuramochi ya rage yawon jirgi zuwa Talata da Jumma'a, ranakun iyon Fumie. Sauran ranaku, ina tace wake da safe, nakan ji Fumie na buga ƙararrawar, tin, tin, ta bayan katanga, sai kuma sautin silifas ɗin dattijon yana sauri.