Ƙusoshin Ovide

"Ku cire ƙofar," in ji Ovide Guidry daga kan keken guragu. "In ta ƙi, ku rushe bangon. Ba da shi za a binne ni ba."

Piyanonsa ya maƙale, rabi a falo rabi a baranda, ƙarti suna ta nishi. Ni kuwa, Eula maƙwabciyarsa, ina riƙe da tukunyar gumbo, miyar kuɓewarmu, na rasa ta inda zan wuce.

'Yarsa Noelie ta harɗe hannu. "Baba, likita cewa ya yi ka kwanta."

"Kwanciya na nan tafe, 'yata. Doguwa ma."

Ovide ya yi suna ne da waƙoƙin soyayya masu sanyi, cikin kwat, a manyan otal-otal. Rana ɗaya ya tattaro ya dawo garinmu Lafayette, ya buɗe cikin piyanonsa mai tsada, ya kafa wa kowace 'yar gudumar da ke bugun tsirkiyoyinsa ƙaramar ƙusa, har sautin ya koma ƙarau-ƙarau irin na gidajen rawar kakanninmu. Ya haɗa shi da goge, da jita mai lantarki, da gangunan kiɗan rok, da allon wanki na ƙarfe da Clovis mahauci ke karta da cokula. Jaridu suka ce ya zautu. Masoyansa suka watse. Noelie, wadda shi ya koya wa kiɗa tun tana tatata, ta rantse ba za ta taɓa wannan piyano ba. Kafin ya kai sabon kiɗan gaban jama'a, ciwo ya kayar da shi.

Abu ɗaya ya rage masa: ya ga an taka rawa da kiɗan nan.

"In ba wanda ya zo fa?" Ya tambaye ni ƙasa-ƙasa.

"To ni zan taka, tsohon banza, da wannan gwiwar tawa."

"Allah ya kiyaye. Gara in mutu yanzu."

Da la'asar aka fara. Mutanen layi suka tsaya nesa-nesa, kowa da faranti. Clovis ya karta, ganguna suka shigo, piyano ya ɗauka kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Na ga ƙafafu sun fara motsi. Daidai nan hannun hagun Ovide ya zame ya faɗi kan cinyarsa. Ya ɗaga, ya sake faɗuwa. Kiɗan ya rame, mai ganga ya fara lalube.

Noelie ta sauke hannuwanta. Ta jawo benci ta zauna a hagunsa.

"Matsa, Baba."

"Zai ɓata miki kunne."

"Ya riga ya ɓata. Ta bango nake ji kullum."

Ashe duk ta haddace. Ta riƙe ɓangaren hagu mai kaurin sauti, shi ya riƙe na dama, titinmu ya ɓarke da rawa har motoci suka tsaya. Ni ma na taka. Ya kalle ni ya girgiza kai, yana dariya hawaye na zuba.

Talata da hantsi ya cika, taga a buɗe.

Piyanon bai koma ciki ba. Jiya ina shanya na hango Noelie a baranda, ta buɗe murfinsa. Wata ƙusa ce ta faɗo. Ta tsince ta, ta goge a rigarta, ta mayar da ita gurbinta ta danna da babban yatsa.