Linzamin Na Hannun Dogo

A ƙarshen barandar cibiyar makafi, bayan ɗakin ajiya, akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, kullum yana warin takarda da man inji. A nan ake buga littattafai da rubutun makafi, ɗigo-ɗigon nan da ake karantawa da yatsa. Matar da ke riƙe da ɗakin, kowa Uwarɗaki yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Tun tana goye idonta ya tafi, kuma tun ana huda takarda da hannu take kan kujerar nan. Kujerar ma ta lotsa daidai zamanta.

Da kwamfuta ta zo, ba ta ji tsoronta ba. An sa mata wata murya mai karanta duk abin da ke kan allo, ta laƙaba wa muryar suna Aku. Sai ta zuba rubutun masu ido, manhaja ta juya shi zuwa ɗigo, ta danna madannai da kanta, inji ya kama ƙara kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano. Ba ta neman kowa.

Ana nan, wani kamfani ya kawo wa cibiyar kyautar sabon inji da sabuwar manhaja. Aka kwashe tsofaffin aka yi gaba da su. Ran farko Uwarɗaki ta zauna, ta gyara mayafi, ta shiga. Aku ya buɗe baki ya ce, "Maɓalli." Ta matsa gaba. "Maɓalli." Ta ƙara matsawa. "Maɓalli." Na mene ne, oho.

Akwai akawun da suke ɗaki ɗaya shekara da shekaru, shi ke buga mata rubutun masu ido. Dogo ake ce masa, mutum mai furfura da yawan tsokana.

"Dogo, zo ka ga ikon Allah. Akuna ya kamu da in'ina."

Ya leƙo ta kafaɗarta. "Haba Yaya, ai ga su nan ɓaro-ɓaro. Wannan hoton littafi ne, wannan almakashi, koren nan kuma shi ne na bugawa."

"Kore? To madalla. Matsa in shafa in ji koren."

Suka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ashe duk maɓallan hotuna ne aka zana ba a raɗa musu suna ba, na bugawar kuwa madannai ba sa kai wa gare shi sam, sai da linzami, ɗan abin nan da masu ido ke ja a kan tebur. Kun ji fa. Abin da aka ƙera don makafi su yi karatu, makaho ba ya iya tuƙa shi. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Daga nan aiki ya koma roƙo. Ta shirya komai, sannan ta ce, "Dogo, ara mini idonka." In an aike shi waje, ta naɗe hannu ta jira, matar da a da ko ruwa ba ta yarda a miƙo mata.

Wata safiya Manaja ya shigo, makullansa na kacau-kacau a aljihu. Ya ce mutanen kamfanin za su zo da masu ɗaukar hoto, su ga makauniya tana sarrafa kyautarsu da kanta.

"Ranka ya daɗe, ai gara da za su zo. Sai in faɗa musu ba ta tuƙuwa, su gyara."

"A'a, a'a, Uwarɗaki. Ba a kushe kyauta a gaban mai ita. In suka ji makaho ba ya iyawa, ko su ɗauke injin su kai wata cibiya, ko a ce a ɗora mai ido a kujerar nan. Wanne kika zaɓa?"

Ya riga ya gama tsara abinsa. Za a sa mata abin ji a kunne don kada baƙi su ji in'inar Aku. Ita ta riƙa danna madannai. Dogo ya tsaya jikin kabad inda yake hango allo, linzami mara waya a ƙarƙashin wani jaket da zai yafa a hannu.

Da la'asar ta koma gida ta tarar da maigidanta, tela ne, yana taka keke a zaure. Ta zauna kan buhun ƙyallaye ta zayyana masa komai. Bai daina takawa ba sai da ya kai ƙarshen layi, ya ciji zare.

"Ni dai abin da na sani, in na ɗinka wa mutum riga ta matse shi, ya ce mini daidai, gobe ma haka zan yanka masa."

"Kai in ka ce riga ta matse, wa zai kore ka daga gidanka? Kujerata ce fa, Malam. Gashina a kanta ya yi fari."

"To, ke kika san ciwonki."

Ranar ta zo. Ɗakin ya cika da ƙamshin turaren da bai saba ji ba da ƙarar takalma masu tsada. Uwarɗaki ta ɗora yatsu kan madannai tana dannawa a banza, Aku na ta raɗa mata a kunne, maɓalli, maɓalli. Daga jikin kabad ta ji wani ɗan ƙas da kunnenta kaɗai ya kama. Inji ya ɗauka. Aka kaure da tafi.

Cikin baƙin akwai wata matashiya, ita ce wakiliyar masu ƙera manhajar. Ta durƙusa gefen kujera, ta kama hannun Uwarɗaki. Hannun yarinyar da sanyi, muryarta kuma ba ta wasa ba ce.

"Mama, don Allah ki faɗa mini gaskiya. Akwai inda take ba ki wahala? Ko ƙanƙani ne. Abin da ya kawo ni ke nan, daga nan za mu rufe gyare-gyare."

Uwarɗaki ta buɗe baki za ta faɗa. Sai makullai suka yi kacau a bayanta, sau ɗaya tak. Ta ji katakon kujerar a ƙarƙashinta, lotsawar nan da ta san jikinta.

"Babu komai, 'yata. Lafiya lau take aiki. Ni kaɗai nake tuƙa abata, kin dai gani da idonki."

Yarinyar ta matse hannunta, ta yi godiya. Aka ƙara tafawa.

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Wannan dai ramin da faɗinsa, har ya ɗauki kowa. Hoton bidiyon ya zagaya ko'ina. Ba a daɗe ba aka yi wa Manaja ƙarin girma zuwa babban ofis, ya tafi da makullansa. Aka turo sabuwar shugaba, mace mai tsare gida da son aiki, wadda ba ta san komai game da ɗakin ba sai abin da ta gani a bidiyo. Makonta na farko ta ce ɓarna ce a ajiye akawu kusa da wadda ba ta buƙatar kowa. Aka mayar da Dogo bene, ɓangaren ajiyar fayil.

Aiki ya tsaya cik. Ɗalibai su zo su ƙwanƙwasa, "Uwarɗaki, littafinmu fa? Jarrabawa ta matso." Ta ce su dawo gobe. Wani lokaci ta tare mai shara a baranda, wani lokaci direba, "Bawan Allah, danna mini koren nan." Ran nan direba ya danna almakashi, aikin mako guda ya bi ruwa.

Da tura ta kai bango ta lalubi hanya zuwa ofishin shugaba, ta faɗi yadda aka yi, tun daga abin kunne har jaket. Shugaba ta saurara har ƙarshe, sannan ta sa aka kira Dogo.

"Malam, gaskiya ne kai ka danna ranar?"

Uwarɗaki na jin numfashinsa, numfashin da ta sani kamar nata.

"Ranki ya daɗe, ni dai tsaye nake jikin kabad. Sanyi nake ji, shi ya sa na riƙe jaket."

Shugaba ta taɓa wayarta ta ajiye kan tebur. Sai ga murya ta fito tangaran, har da 'yar dariya a ciki: "Babu komai, 'yata. Lafiya lau take aiki. Ni kaɗai nake tuƙa abata."

"Mama," in ji shugaba a hankali, "gajiya ba abin kunya ba ce. Shekaru ne. Ba sai kin ɗora wa na'ura laifi ba."

A kan matakala Dogo ya cim mata. "Yaya, ki yafe ni. Saura ƙiris in yi ritaya. In aka ce na yaudari baƙi..."

"Riƙe idonka, Dogo. Na daina ara."

Ba a kore ta ba, kada a ce an yi rashin imani. An ɗora wani mai ido a ɗakin, ya ce kujerar ta lotsa, aka fitar da ita baranda. Ita kuwa Uwarɗaki aka ba ta tebur a bakin ƙofar shiga, tana amsa waya tana ce wa baƙi sannu da zuwa.

Daidai saman kanta akwai talabijin a bango, wadda aka kafa don masu jira. Bidiyon nan take nunawa, in ya ƙare ya sake farawa, tun safe har a tashi. Baƙi su kalli bango, su kalle ta, su ce, "Lah, ai ke ce! Kai, Mama, kin burge mu. Ashe har makafi ma yanzu ba ruwansu da kowa."

Sai ta ce, "Haka ne." Daga can ƙarshen baranda inji na zuba ƙanƙararsa a hannun wani, a samanta kuma muryarta na sake rantsuwa cewa babu komai.