Mai Bincike a Ofishin Fansho

Mai bincike ya je ofishin fansho ne don ya auna yadda ake ɓata wa jama'a lokaci. Ya samu gefen benci ya zauna, gilashi a karan hanci, yana bin kowa da kallo.

Kafin hantsi labari ya zaga cewa an turo wani daga sama. Akawun da kullum ake cewa ya ɗan fita, sai ga shi daram a kujerarsa. Hatimin da ya ɓata tun bara ya fito daga aljihun tebur. Kan ka ce me, layi ya ƙare. Mai bincike ya koma gida jiki a sanyaye, don abin da ya je gani ya gudu.

Washegari gwaggonsa, wadda takardunta suka daɗe a ofishin, ta buga masa ƙofa, tsofaffin ƙawayenta na biye da ita.

"Gwaggo, binciken nan fa ya lalace," in ji shi.

"A wajenka ya lalace," ta ce. "Sa takalminka mu tafi. Ba sai ka rubuta komai ba, kai dai ka zauna ka ɗaure fuska."