Igiya Uku Gabas da Rijiya

Shekarar da aka kwashe mazan Tungar Rabo zuwa aikin tilas na hanyar mota, ita ce shekarar da Sabo, ɗan ƙanen sarkin yankin, ya ƙyalla ido kan rijiyar su Hasiya. Rijiya ce mai ruwan daɗi a bakin fadama, kusa da garin Dumega, ga albasa da rogo kewaye da ita. Sabo ya hau doki har Dogon Dutsi, ya shaida wa kumandan, Nasaran da ke mulki a can, cewa mutanen nan baƙi ne, jiya-jiya suka zo, aron wurin aka ba su. Ƙarya tsagwaronta! To amma wa zai ƙaryata shi, maza duk suna can suna fasa dutse?

Hasiya ce ta rage. Tsohuwa ce mai kaifin baki, ta rasa miji da 'ya'ya biyu, kuma ba ta durƙusa wa kowa. Cewa take gwiwa ke ciwo, kowa kuwa ya san ba gwiwa ba ce, gado ne. Kakan ubanta, Malam Rabo, shi ne ya fara salla a wurin, a tsakiyar Arna. Bai taɓa ɗaukar baka ya tafi yaƙi ba, bai taɓa tuɓe wa wani sarki hula ba, har ya koma ga Allah. Shi ya gina rijiyar da hannunsa. Haka Hasiya ta ji daga bakin ubanta, haka kuma ta yi niyyar faɗa ko a gaban wa.

Da kumandan ya zo rangadi, aka kafa masa tebur a inuwar tsamiya. Tafintansa Illo ya dubi tsohuwa ya ce, "Inna, Nasara ya ce ina takardarki? In babu, rijiya ta Sabo ce."

Hasiya ta shiga ɗaki ta fito da gafaka, fatarta ta yi baƙi ƙirin saboda hayaƙi. Alƙur'anin Rabo ne a ciki, rubutun hannu. Ita ba ta iya karatu ba, amma ta san akwai warƙa ɗaya, wato fallen takarda, a ƙarshe da ubanta ke yawan dubawa. Ta miƙa wa Malam Inusa, limamin tunga, wanda tsufa ya cece shi daga aikin hanya. Ya buɗe ya karanta:

"Rabo ɗan Tukur ya gina rijiya, ya haifi Mani. Mani ya haifi Ado. Ado ya haifi Hasiya. Kushewar Rabo, igiya uku gabas da rijiya."

Jin sunanta a cikin littafin nan ya sa hawaye ya cika mata ido. Ashe ubanta bai bar ta waje ba don tana mace.

Kumandan ya juya warƙar da bakin alƙalami, ya yi magana ta hanci. Illo ya ce, "Ya ce babu hatimi, kowa na iya rubuta wannan. Amma a nuna masa kushewar kafin rana ta faɗi. In an gan ta, ya yarda."

Nan fa ake yin ta. Rabo ya bar wasiyya kada a ɗora ko dutse ɗaya a kansa, ga rairayin shekaru ya shafe wurin sumul. Ita kuma mace ce, ba ta taɓa raka gawa ba. Malam Inusa ya ce a auna kamar yadda aka rubuta. Aka kwance igiyar guga, gardawa biyu, dakarun kumandan, suka ja ta sau uku daga bakin rijiya zuwa gabas, suka sa hauya. Suka kau da rairayi har gwiwa. Babu komai sai saiwar sabara. Suka matsa dama, suka matsa hagu, shiru.

Sabo ya bushe da dariya a kan dokinsa. "Tsohuwa, ko kakan naki tashi sama ya yi? Ki tattara tsummokaranki tun da mutunci."

Wallahi zuciyar Hasiya ta yi baƙi, har maƙogwaronta ya bushe. Ta fizgi igiyar daga hannun gardi, ta ɗaura guga, ta nufi rijiya don ta jiƙa baki. Igiya na zarewa a tafinta kamar yadda ta saba shekara sittin, gaba ɗaya, biyu, har tara. Sai ta tsaya cak.

Tara? Tana yarinya ai da gaba bakwai take ɗiba. Shekarar yunwa ruwa ya gudu, aka yashe rijiya aka ƙara mata zurfi. Ubanta ma ya ce an taɓa ƙara ta a zamanin Mani. Igiyar yau ba igiyar Rabo ba ce! Maza duk sun yi awo, ba wanda ya tuna, don ba su ke jan ruwa ba.

Ta leƙa ciki. Ginin Rabo a bayyane yake, itacen ƙirya ne jere, baƙi, mai santsi. Daga ƙasansa sai itacen baya, fari-fari. Ta saki guga a hankali har ya taɓa ƙirya ta ƙarshe, ta ƙulla igiya a daidai bakin rijiya, ta jawo. Gaba biyar ce da ɗan kai.

"Ku ba ni wuri," ta ce wa gardawa.

Da kanta ta auna, tana duƙawa tana tashi, gwiwar nan da ake cewa tana ciwo ko gezau. Igiya ta uku ta ƙare a gefen kunyar albasa, inda take shanya tsaba kowace shekara. Ta ƙi hauya. Ta sa ƙoƙo tana kwashe rairayi, Malam Inusa na taya ta da hannu. Ba su kai kamu biyu ba ƙoƙo ya yi ƙwas. Ga fasassun tukwane a kife, an jera su daga arewa zuwa kudu, yadda ake rufe Musulmi. Malam Inusa ya ɗaga hannu ya fara addu'a.

Kumandan ya taso ya duba, ya faɗi wata magana. Illo ya sunkuyar da kai. "Inna, ya ce tukunya ba mutum ba ce. A ɗaga, ya ga ƙashi."

Hasiya ta gyara zane ta zauna daram a bakin ramin, ta miƙe ƙafafu.

"Ɗana, gaya mishi kushewa ya ce a nuna, ga ta. Mutumin ga bai tuɓe hula ga sarki ba yana da rai. Ba a yaye mishi ƙasa don Nasara ya yi kallo. In ƙashi yake so, ga nawa, ya fara da shi."

Illo ya fassara, Allah kaɗai ya san ko duka ya faɗa. Gardawa kuwa, 'ya'yan Musulmi ne, tuni sun ajiye hauya suna kallon ƙasa. Kumandan ya dube su, ya dubi tsohuwa, ya dubi rana. Ya koma tebur, ya yi rubutu, ya buga hatiminsa da ƙarfi kamar mai kashe kunama.

"Rijiya taki ce, Inna," in ji Illo, a hankali.

Sai da ta mayar da rairayin duka, ta daddaɓe shi da tafi, sannan ta tashi. Sabo ya ja linzami zai wuce, doki ya ƙi, ya miƙa wuya wajen kwamin shayar da dabbobi, tun safe bai sha ba. Hasiya ta jefa guga, ta jawo, ta zuba masa har ya ƙoshi.

"Ka riƙa kawo shi, Sabo," ta ce. "Rabo bai hana kowa ruwa ba. Tun zamanin kakanka aro muke ba ku."