Ruwan Tsamin Bawku

Amidu ya tuntsurar da kwalba ta uku a kwata, ya toshe hanci. Tun safe maganar Sidiku mahauci ke cinsa. A gaban jama'a, bakin rumfarsa ta doya, mutumin ya ce, "Amidu, ashe giyar pito 'yarka ta je koyo? Warin har bayan masallaci."

Shekara huɗu yarinya tana jami'a, sai ga ta ta dawo Salaga da kwalabe masu kumfa, ta jera a ɗakin hatsi tana lallaɓa su kamar jarirai. Wai karatun tsami! Uwarsa ko alif ba ta sani ba, amma har ta bar duniya tana tsamar da kullu, ba wanda ya ba ta takarda.

Yana ɗauraye kwalaben sai 'yar tasa Zaliha ta shigo. Ta tsaya cak.

"Baba, me ka yi?"

"Na wanke mana suna. Gidana ba mashaya ba ne."

"Ruwan tsamin koko ne, Baba! Na Salaga, na Yendi, na Bawku. Ƙwayoyin da ke cikinsa nake bincike, don kullu ya daina lalacewa masu sana'a. Ba su, ba digiri."

"To, ga masu koko nan kowane lungu. Ki roƙo wani."

"Na Bawku fa? Iya Ubaida ce ta ba ni. Shekara arba'in tana zuba ragowar jiya a kullun yau, bai taɓa yankewa ba. Ta rasu wancan watan."

Amidu ya dubi kwatar. Kaji har sun taru.

"Ba ta bar 'ya ba?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Akwai wata a Tempane, kusa da Bawku. Ban san ko ta riƙe sana'ar ba."

"Hmm. Boko ke nan. A bi tsami gari-gari."

Da azahar ya bar rumfa a rufe, ya nufi tasha, kwalba a aljihun babbar riga. Sidiku ya hango shi daga kan teburin nama.

"Ina zuwa, uban masu ilimi?"

"Tempane."

"Doya ta yi araha can?"

Amidu ya gyara hula, ya dafe aljihu kada kwalbar ta leƙo.

"Kai dai yanka namanka," ya ce. "Wannan ya fi ƙarfin kanka."