Janaretan Tafiyar Khaibar

Tun a mota Ja'afaru da Saif suka fara cacar baki, kafin ma su isa shagon injuna da ke bayan masallacin Ƙiblatain a Madina. Uwarsu ɗaya, Hajiya Mariama, amma in ka gan su tare sai ka rantse daga kotu suke. Ja'afaru ne babba. Yana ɗan shekara huɗu ta bar shi hannun kakarsa a Haɗeja ta zo aikin hajji, ta yi aure a Madina, ta haifi Saif, ta zauna. Sai da ya kai arba'in da biyu, ya zama injiniyan lantarki, sannan aiki ya kawo shi garin a shekarar 2001. Wata goma sha huɗu ke nan yana zuwa gaishe ta a gidanta na unguwar Ranuna duk Juma'a. A ba shi gahawa da dabino a falon baƙi, a ce masa ya aiki, ya tashi ya tafi. Ko sau ɗaya bai taɓa yini da ita ba.

Shi ya sa tafiyar Khaibar ta tsaya masa a rai. Hajiya ce ta matsa sai an kai ta gonar dabinon da marigayi uban Saif ya yi wa aiki shekara ashirin, ta gan ta tun da sauran numfashinta. Saif ya aro karaban, irin ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, za a yi kwana uku. Kwana uku cur da uwarsa! Ja'afaru ya ɗauki hutu, ya tanadi tambayoyin da ya daɗe yana haɗiyewa. Abin da ya rage janareta ne, domin gonar babu wuta, Hajiya kuwa ba ta awa guda ba tare da injin da ke ba ta iska ta hanci ba.

Mai shagon, Abdussamad, wani Bahaushen Sudan ne mai fara'a. Fara'ar tasa ba ta daɗe ba. Saif ya wuce kai tsaye ya ɗaga wani ɗan janareta ja da hannu ɗaya, ya ajiye a kan kanta.

"Hada. Wannan za mu ɗauka. Ba nauyi, ba ƙara, khalas, shi ke nan."

"Wat nawa ne?" Ja'afaru ya tambayi mai shagon, ko kallon ƙanin nasa bai yi ba.

"Dubu ɗaya, Alhaji."

Ja'afaru ya yi wata dariya mai cin rai. "Kallon talabijin za mu je yi?"

"Ya muhandis," in ji Saif, don injiniya yake kiransa da Larabci, bai taɓa ce masa Yaya ba, "nan ba Najeriya ba ce. Mu ba ma kwasar hayaniya mu kai daji. Ummi shiru take so."

"Injin Inna kaɗai yana cin ɗari biyar. Ga firji. Na'urar sanyin karaban kuwa in za ta tashi tana fizgar ninki uku na abin da take ci. Tana fizga wannan ɗan abin zai ɗauke, injin Inna ya ɗauke tare da shi."

"Sai mu kashe mukayyif ɗin, a haƙura da sanyin."

"A Khaibar? A watan takwas? Gasa ta za ka je yi?"

Saif ya matso har suna jin numfashin juna. "Shekara shida ni ke ɗaukar ta zuwa mustashfa wurin likita. Ni ke wanke mata robar hanci. Kai kana ina? Yau ka zo da biro a aljihu za ka koya mini uwata?"

"Ina inda aka ajiye ni," Ja'afaru ya ce.

Da ya tsaya a nan da ya isa, amma zuciya ta riga ta ɗebe shi. Ya sa Abdussamad ya tayar da ɗan jan a bakin shago, aka haɗa masa fanka da fitila, ya ɗauka sumul. Aka ƙara masa tsohuwar na'urar sanyin shagon. Injin ya yi tari sau biyu, ya mutu. Ja'afaru ya juya ga Saif, ya faɗa da Larabci, da ƙarfi, don masu sayayya su ji: "Ga uwarka nan, ka kashe ta."

Fuskar Saif ta canja, ya fita ya zauna a mota. Ja'afaru ya ji daɗi, kuma ya san bai kamata ya ji ba. Ya zaɓi wani rawaya mai wat dubu biyar, ƙato, wanda sai mutum biyu sun yi nishi kafin su ɗaga. Suka loda shi a mota, suka kai gida.

Ranar Alhamis bayan asuba aka fara loda kaya a ƙofar gida. Karaban ya cika maƙil da jarkokin ruwa, katifar Hajiya, tukunyar gas da buhun shinkafa, tayoyinsa har sun durƙusa. Janareta na tsaye a bakin titi babu wurin sa shi. Gaban karaban ya yi masa kaɗan. Saif ya nuna bayan karaban ɗin.

"A'a," Ja'afaru ya ce. "Nauyi irin wannan a wutsiya, kuna hawa babban titi zai fara wujijjiga ku."

"Tayyib. To cikin mota ke nan, ta baya. Sai an naɗe kujerar baya."

Sai a lokacin Ja'afaru ya lura. Hajiya na kujerar gaba da tulun iskar da take shaƙa a hanya. Layin tsakiya matar Saif ce, Suhaila, da 'ya'yansu uku, sun matsu. Kujerar baya ita ce tasa. Ba shi da mota, ta kamfani ke kai shi aiki. Shiga karaban yana tafiya kuwa 'yan sandan hanya ba za su bari ba, gonar kuma tana can cikin baƙaƙen duwatsu inda babu motar haya da ke zuwa.

Saif ya jingina da mota, ya harɗe hannu. Ba ya ko ɓoye murnarsa.

"Shagon yana buɗewa ƙarfe takwas. Mu mayar da wannan, mu ɗauki ƙaramin, ka sami wurin zama. Ko shi, ko kai, ya muhandis. Zaɓi."

Wallahi ya so ya ce a mayar. Ya shiga lissafi a ransa: a kashe firji, a kashe sanyi da rana, a riƙa yi mata fifita. Lissafin ya ƙi fita, kuma ya san ba zai fita ba. Ya dubi uwarsa ta gilashi. Kalma ɗaya yake jira daga bakinta, ta ce a rage ruwan, ko a ɗora yaro a cinya, ko ma a fasa sai an sami wata motar. Hajiya ta ji komai, tagarta a buɗe take. Tana gyara robar hancinta, idonta na kan titi.

Ya sunkuya ya kama ƙarfen janaretan. "Kama can," ya ce wa Saif.

Suka cusa shi, ya ɗaure shi da igiya da kansa, ya fitar da jakarsa daga ƙarƙashin kujera. Ya fara bayanin yadda ake duba baƙin mai, da nisan da za a ajiye shi saboda hayaƙi, da cewa injin Inna za a fara haɗawa kafin komai. Saif ya tayar da mota tun bai gama ba.

"Ja'afaru," Hajiya ta kira.

Ya zagaya da sauri. Ta miƙo hannu ta taga, ta sa masa makulli a tafi.

"Tunda kana nan, ka riƙa leƙa mana gidan. Mai gas zai zo gobe."

"To, Inna," ya ce. Ya ja baya don karaban ya sami wurin juyawa.